Gargaɗi: Jabun man na'a-na'a da ake tallarsa a Abuja da sunan maganin ciwon jiki

Jama'a a yi hattara. Akwai masu yawo da ƙananan kwalabe a tashoshin mota irin su Jabi da Nyanya, wasu kuma a Facebook da WhatsApp, suna cewa tsantsar man na'a-na'a ne daga ƙasar waje, wai yana warkar da ciwon baya, amosanin ƙashi, har da shanyewar ɓarin jiki. Na intanet ɗin sai ka tura kuɗi tukuna, kaya kuwa ko su zo ko shiru.

Yawanci abin da ke cikin kwalbar man girki ne mai arha, an narkar da ƙanƙarar mentol (sinadarin da ke ba na'a-na'a sanyinta) a ciki, an sa masa koriyar kala. Mai tallar zai ɗiga maka a bayan hannu, ka ji sanyi, ya ce “ka ji ya fara aiki ko?” Ai mentol ne. Jijiyoyin fata masu jin sanyi yake taɓawa, sanyin ya danne raɗaɗin na ɗan lokaci. Shi ma man na gaske iyakar aikinsa ke nan: ya sassauta tsamin jiki da ciwon tsoka, ba ya gyara ƙashi ko jijiya.

Gwajin ba wuya. Ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda ka bar shi wasu awanni. Na gaske zai bi iska, gauraye kuwa zai bar tabon maiƙo. Na gaske garai yake ko ruwan ɗorawa-ɗorawa, ba kore shar ba, kuma a kwalba mai duhu ake zuba shi, a jiki an rubuta sunan tsiron na kimiyya, Mentha piperita. Arha ma alama ce, don ɗanyen ganye kilo 100 da ƙyar yake ba da kilo 1 na mai. Lambar NAFDAC kuwa kowa na iya bugawa, a duba ta a manhajar Greenbook ta hukumar.

Inda suka fi cutarwa shi ne umarnin da suke bayarwa: wai a shafa shi zalla, ko a ɗiga a shayi. Zalla yana ƙona fata. Ɗigo 6 ake sawa a cokalin cin abinci 1 na man kwakwa ko zaitun, a gwada a ɗan wuri a hannu, a jira kwana guda. Kada a sa a rauni ko kusa da ido, kada a bi shi da gashin ruwan zafi. Jarirai kuwa sam: a fuska ko ƙirji yana iya tsayar musu da numfashi, wasu kuma mentol na jawo musu shawara mai tsanani.

Idan sharaɓar ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, kada a murza ta da komai, gudan jini na iya zama sanadi, a tafi asibiti. Wanda aka damfara ya ajiye kwalbar da shaidar tura kuɗi, ya kai ƙorafi NAFDAC ko hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC.