Inshorar mota a Ingila bayan an dawo maka da lasisi

Wanda ya tara makin laifin tuƙi 12 cikin shekara 3, kotu kan hana shi tuƙi na wata 6, a rubuta masa lambar laifi TT99 a tarihin lasisinsa. Wa'adin zai cika, amma kamfanonin inshora galibi suna tambayar laifin tuƙi na shekara 5 baya, kuma da sun gani farashi ya tashi.

Shafukan kwatanta farashi irin su Confused.com, leƙa kawai ka wuce: da ka shigar da lambar laifin, kamfanoni da yawa sai su janye. Inshorar da ke biyan wanda ka buge kaɗai ma ba lallai ta fi arha ba.

Ni dillalin da ya ƙware kan masu tarihin laifi nake zaɓa, irin waɗanda ake samu ta ƙungiyar dillalai ta BIBA. Mutum ne za ka yi magana da shi a waya, ya ji ko gudu ne ya ja maka ko riƙe waya, ya kai ka inda za a karɓe ka. Ka tambaye shi na'urar nan da ake maƙala wa mota tana lura da gudu da birki. Mai tuƙi a natse tana iya rage masa kuɗi. In da hali ka biya na shekara gaba ɗaya, don biyan wata-wata yawanci da kuɗin ruwa a ciki.

Inda na ƙone shi ne WhatsApp. Wani ya yi mini tayin rabin farashi, da Hausarsa da sallamarsa, na tura kuɗi ya turo takarda. Ashe ya ɓoye laifina ne a fom ɗin, ya canja adireshina, kamfanin ya gano ya soke. Waɗansu irin waɗannan 'yan damfara takardar jabu suke bugawa, waɗansu su sayi ta gaskiya, su soke ta bayan kwana kaɗan su karɓe kuɗin. In 'yan sanda suka tare ka, kai ne mai tuƙi ba inshora: tarar fam 300, maki 6, kuma ana iya ƙwace motar. Mai fama da tsohon laifi ina zai kai wannan?

Kafin ka biya ko sisi, nemi sunan dillalin a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kuɗi da inshora. Bayan ka biya, duba lambar motarka a shafin MIB, ƙungiyar da ke riƙe da bayanan motocin da ke da inshora, sannan ka kira kamfanin da kanka su karanto maka abin da aka rubuta da sunanka.