Kwamfutar tokunbo da na saya, makullinta na hannun wani

Ita kanta na'urar ba laifi. Core i5 ce, ba ta zafi, batirinta yana kai ni daga azahar har bayan la'asar idan an ɗauke wuta. Da a nan zancen ya tsaya, da na ba mai shagon taurari biyar.

Agogo ne ya tona asiri. Kwanan watan ya koma baya da shekaru, shafukan intanet suka ƙi buɗewa, burauza na ta cewa babu tsaro. Na shiga in gyara, sai allo ya dushe, akwati ya fito yana neman kalmar sirrin admin, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar. Ashe asusun da aka miƙo mini na gama-gari ne. A Windows irin wannan asusun zai iya sauya yankin lokaci, amma agogon kansa ba zai taɓu ba. Admin ɗin kuwa na ofishin da ya yi aiki da ita ne a can waje.

Na kira mai shagon. "Alhaji, ai haka suke zuwa, kawo a yi maka fomatin." Wai kuma da kuɗina!

Da na huce, gaskiya tsarin ya burge ni. Wannan akwatin da ake kira UAC tun Windows Vista ta 2007 yake nan, amma da ni ne admin danna "eh" kawai nake yi. Bayan fomatin na buɗe wa yaron shagona asusun gama-gari. Ya sauko da wata manhajar satar fasaha daga filas ɗin abokinsa, ta zo shiga ta tsaya cak, sai ga shi yana sosa ƙeya yana neman kalmar sirri a wurina. Ranar na yi dariya sosai.

Sai dai BIOS ɗin ma, wato saitunan tushe na kwamfutar inda ake zaɓen abin da za ta taso da shi, a kulle take, kuma fomatin ba ya taɓa wannan. Shi ya sa sai da mai gyara ya ciro ma'ajiyar bayananta (hard disk) ya ɗora mata Windows a wata kwamfutar. Tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 tana buƙatar wata kariyar tsaro ta cikin na'ura mai suna TPM 2.0, tawa a kashe take, wurin kunna ta kuma cikin BIOS ɗin ne. Mai shagon ya daina ɗaga wayata. Taurari biyu, su ma don batirin.