Trove: taskar jaridun Ostareliya ga mai bincike daga Maradi

Ɗalibin da ke nazarin kafofin yaɗa labarun Ostareliya daga nan Maradi ba zai samu tsofaffin jaridun Sidni a wani ɗakin karatu na kusa ba, don haka ya dace a auna Trove, shafin da Babban Ɗakin Karatu na Ƙasar Ostareliya ya buɗe a 2009. Kyauta ne, ba a neman rajista kafin bincike, kuɗin mega kaɗai mutum zai kashe.

Ƙarfinsa yana ga tsofaffin jaridu, tun daga Sydney Gazette, jaridar farko ta ƙasar, wadda ta fara fitowa a 1803. Wanda ya taƙaita bincikensa ga shekarar 1932, lokacin da aka kafa gidan rediyon ABC, zai ga jadawalin shirye-shirye, da sharhin editoci, da wasiƙun masu saurare, kowane da ranarsa da lambar shafinsa, abin da malamin da ke duba kundin kammala karatu ya fi tambaya. Ana nuna hoton shafin jaridar, a gefensa kuma rubutun da na'ura ta karanto, wanda masu sa kai ke gyarawa layi bayan layi. Rubutun yana buɗewa da sauri ko a salula, hoton kuwa yana da nauyi in layi ya yi rauni, amma kada a ɗauko magana sai an gwada ta da hoton, domin inda tawada ta dusashe na'urar takan dagula sunaye da alƙaluma.

Gazawarsa ta faɗo daidai inda ɗalibin sadarwa ya fi buƙata. Saboda haƙƙin mallaka, yawancin jaridun sun tsaya a 1954, alhali talabijin bai fara aiki a ƙasar ba sai 1956. Jaridar Canberra Times ta kai 1995, akwai kuma shafukan intanet da aka fara adanawa tun 1996, sai dai mai nazarin dokokin yau dole ya koma ga rahotannin ACMA, hukumar da ke kula da harkokin sadarwa da yaɗa labarai a ƙasar, da mujallar Media International Australia, wadda yawancin maƙalunta sai da kuɗi.

Shafin da Turancin Ingilishi yake, kuma wannan ba ƙaramin cikas ba ne ga wanda ya yi karatu da Faransanci. Haka nan Turawa ne suka rubuta galibin jaridun, saboda haka mai son kwatanta gidajen rediyonmu na Hausa da na ƴan asalin Ostareliya, irin na ƙungiyar CAAMA da aka kafa a 1980, sai ya nemi muryarsu a tasu kafar.