Gargaɗi ga masu Land Cruiser da Hilux: kwalin na gaske ne, takalmin birkin ne na bogi

Assalamu alaikum direbobi da masu motocin ɗaukar kaya na Garwa, Marwa har Kuseri a arewacin Kamaru. Akwai wani mutum da ke tallar takalmin birkin gaba, wanda makanikanmu ke kira filaket, a zaurukan WhatsApp na direbobi. Ba zan kama suna ba, don sunaye uku na ji ana kiransa da su, lambar waya kuma sauya ta yake kamar riga. Labarinsa ne ba ya sauyawa: wai wata ƙungiyar agaji ce ta tattara nata ya nata, ta yi gwanjon kayan gyaran motocinta, shi ya kwashe yana sayarwa rabin kuɗi. Ka tura ta Orange Money ko MoMo, ya sa maka kayan a motar fasinja.

Ni ma na faɗa. Jaka 18 ta sefa na tura masa na Land Cruiser ɗina mai buɗaɗɗen baya. Da kayan suka iso na juya kwalin gaba da baya, ga tambarin Toyota, ga lambar da ta fara da 04465 kamar yadda ta takalmin gaba take farawa. Sai na ce banza ta faɗi. Yaron gareji ya ɗaura, ko ciki ban leƙa ba.

Sati uku bayan nan direbana ya ɗauko buhunan shinkafa daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare zai dawo Garwa. Wanda ya san hanyar ya san abin da ke jiransa kafin garin Mbe. Ngaundare tana sama da mita 1,000, Garwa ba ta kai mita 300 ba, kuma mafi yawan saukar a gangaren dutsen da ake kira falez ake yin ta, kwana bayan kwana. Ya kira ni muryarsa na rawa: "Maigida, birki ya tafi. Ina takawa mota na jan dama, ga warin ƙuna." Allah ya sa tun daga sama a giya ta biyu yake. Da injin da birkin hannu ya lallaɓa ta zuwa gefe, yaron mota ya dira ya cusa dutse ƙarƙashin taya.

Tsohon makanikena, wanda na tsallake don neman araha, shi ya kwance ƙafar. Takalmin hagu ɗaya ya rabu biyu, abin da ke goga farantin birki ya ɓalle daga ƙarfen da yake manne a kai, ƙarfe ya ci farantin har ya yi masa zane. Ya ce in kawo ɗaya saitin, don biyu na saya. Ya juya bayansa ya kankare fentin da sukundireba. "Alhaji, duba nan." Ƙarƙashin baƙin fenti ga tsatsa, ga kuma zoben da fistan, wato ƙarfen da ke matso takalmi jikin faranti, ke bari a bayan takalmin da ya yi shekara yana aiki. Sabon abu da bai taɓa hawa mota ba, ina ya samo wannan tabo? A gefe ga gam ya tsattsafo ya bushe. Da ya soki fuskar takalmin sai ta riƙa marmashewa kamar ƙuli.

A nan na gane sana'ar. Tsofaffin ƙarafan da muke bari a gareji ake tsinta, a kankare ragowar, a manna wani haɗi da gam, a fesa fenti. Kwalin kuwa na Toyota ne na ainihi, wanda wani ya sayi kaya mai kyau ya yar, yaran gareji suka sayar da shi kuɗin shayi. Shi ya sa duk duban da na yi wa kwali bai tsinana mini komai ba.

Yanzu takalmin kansa nake dubawa. Bayan ƙarfen ya zama sumul, ba rami ba zobe. Da yawa daga cikin masu kyau suna da haruffa biyu a jiki, irin FF ko GG, na farko ƙarfin kamunsa da sanyi, na biyu idan ya ɗau zafi, kuma G ya fi F kamu. Na Turai suna ɗauke da E cikin da'ira da lambar 90R. Su ma rubutu ne, mai wayo zai iya buga su, amma na wannan mutumin ko ɗaya babu. Ba dole sai na Toyota ba: Advics da Akebono su ma suna yi wa Toyota birki, akwai Bosch da Ferodo. A saya dai a shagon da za ka iya komawa gobe ka tarar da mai shi, ka je da lambar shasi don Land Cruiser iri-iri ce.

Yana kuma yawan cewa nasa "seramik" ne, kamar wani kirari. Ko da seramik na gaske ne, amfaninsa shiru da ƙarancin ƙura, ya fi dacewa da motar gida. Motar da ke saukowa falez da lodi mai haɗin ƙarfe take so, wanda ya fi jure zafi ko da zai ɗan yi ƙara ya ci faranti.

Duk wanda ya san ya karɓi kaya daga hannunsa, don Allah ya sa a cire taya a duba kafin ya ɗora ko buhu ɗaya. Idan an canza maka takalmi, karɓi tsohon ka tafi da shi, kwalin kuma ka yayyaga a gabanka. Ni na kai hoton tura kuɗin ofishin jandarma, lambar a kashe take tun ranar. Saitin da ya rage yana cikin motata, wanda ya gamu da direbana a tasha ya ce ya nuna masa zoben.