Baƙar kwat da taye, ko shuɗiyar riga: wanne za ka sa zuwa gwajin shiga gasar talabijin?

Ɗan'uwa, da farko ina taya ka murna. Ka ce ka tsallake jarrabawar farko ta wani shirin kacici-kacici na talabijin, an gayyace ka gwajin tantancewa, kuma kaya biyu ka ware kana ta juya su a rai. Na farko baƙar kwat ce da farar riga da taye mai ƙananan ratsi, irin shigar da kake yi idan za ka neman aiki. Na biyu riga ce mai dogon hannu da maɓallai, shuɗiya, babu zane a jikinta, da wando ruwan toka. Kana so a faɗa maka wanne ya fi. Ni shuɗiyar rigar zan ce ka sa. Sai dai akwai wuraren da kwat ɗin ta fi ta, kuma gara ka san su tun yanzu, don haka bari mu ajiye su gefe da gefe.

Kafin nan, ka san abin da masu tantancewar suke nema ranar. Iliminka sun riga sun auna shi. A shirin Jeopardy! na Amurka, alal misali, jarrabawar farko tambayoyi 50 ce a intanet, kowace tambaya daƙiƙa 15, kuma sai wanda ya haye ake kira wasan gwaji da 'yar gajeriyar hira. Duk wanda ka tarar a ɗakin nan ya san abu, kamar yadda ka sani. Abin da ya rage su gani shi ne ko muryarka tana fita, ko fuskarka tana sake, ko za ka iya ba da labarin kanka cikin rabin minti ba tare da ka daburce ba. Kusan koyaushe akwai kyamara tana ɗauka, domin waɗanda za su yanke hukunci na ƙarshe sau da yawa ba sa cikin ɗakin, bidiyon za su kalla daga baya. Saboda haka alƙalin kayanka na gaskiya kyamara ce, kuma ganinta ya sha bamban da ganin idon mutum.

Nan ne kwat ɗinka ta fara faɗuwa. Ido yana iya kallon fari tas da baƙi wuluk a lokaci guda ya ga komai a cikinsu. Kyamara ba ta da wannan faɗin. Dole ta zaɓi adadin hasken da za ta bari ya shiga, kuma ƙananan kyamarorin da ake gwaji da su, ko ta kwamfuta, da kansu suke yin zaɓin. Idan farar riga ta cika ƙirjinka, kyamara za ta ga haske ya yi yawa ta rage shi, sai fuskarka ta dushe, baƙar kwat kuwa ta koma dunƙule guda, ba a gane kafaɗa daga hannu. Ga mai duhun fata abin ya fi tsanani: riga tana walƙiya, idanu da murmushi sun nutse. Idan kuma ta buɗe don ta haska fuska, rigar ta zama wani farin fili marar kwala marar maɓalli. Ka haɗa mata abubuwa biyun da ta fi wahala da su, ka sa fuskarka a tsakiya. Shuɗiyar rigar tana tsaka-tsaki, ba ta jan haske ba ta haɗiye shi, don haka kyamara tana samun sararin daidaita kanta a kan fatarka. Irin wannan aikin ne ruwan goro mai duhu, shunayya, ruwan ƙasa da makamantansu suke yi.

Sai tayen nan mai ƙananan ratsi, wanda shi na fi jin tsoro a cikin kayan gaba ɗaya. Hoton kyamara jeri ne na ɗigogi ƙanana, layi bisa layi. Idan ta haɗu da yadi mai siraran layuka da suka matsu da juna, layukan yadin da na ɗigogin sai su riƙa saɓawa, a ga wasu igiyoyi masu launin bakan gizo suna rawa a kan yadin duk lokacin da ka motsa. A madubi ba za ka taɓa ganinsu ba, sai a allo. Mai kallon bidiyonka kuma idonsa can zai tafi, kana ba da amsa mai kyau shi yana kallon taye yana ɓari. Ba taye kaɗai ba, duk riga mai siraran ratsi ko ƙananan murabba'ai haka take yi. Manyan zane ba sa wannan rawar, amma su ma suna cinye fuska. Ko da a ƙarshe kwat ɗin ka zaɓa, wannan tayen ka bar shi a gida.

Kada ka ɗauka shuɗi ba shi da nasa haɗarin. Wasu wuraren ɗaukar hoto suna kafa kyalle kore ko shuɗi a bayan mutum, daga baya kwamfuta ta cire wannan launin ta sa wani hoto a gurbinsa, kuma duk abin da ya yi kama da launin kyallen a jikinka shi ma ɓacewa zai yi. Kore aka fi amfani da shi, shi ya sa ba na ba kowa shawarar sa koren da ya yi haske. Shuɗin kyallen mai kauri ne mai ɗaukar ido, don haka idan rigarka ta ɗan yi duhu ko ta ɗan kwanta, da wuya ta shiga matsala. Abu na biyu, shirye-shiryen kacici-kacici da yawa shuɗi ne adon dandalinsu. A ranar gwaji ba a cika damuwa da wannan ba, ɗakin taro ne kawai ko kiran bidiyo. Idan ta Zoom za a yi, ka dubi bangon da zai kasance bayanka, kada ya zama launi ɗaya da rigar, kuma ka guji bangon ƙarya na manhaja, yana yanke kunne da kafaɗa idan mutum ya motsa.

Inda kwat ta yi nasara sosai shi ne makirufo. Ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a ƙirji yana son wuri mai tauri da zai kama, kamar faɗin tafin hannu ƙasa da haɓa, kuma kwalar kwat tamkar don shi aka yi ta. Wayarsa tana bi ta cikin kaya zuwa wani ɗan akwati da ake rataya a bel ko a sa a aljihu, kwat kuma tana rufe duka. Rigarka mai maɓallai ita ma ta isa, ana kama makirufon a layin maɓallan, a zura wayar ta ciki, muddin ka ɗaura bel. Wadda take ba mai haɗa sauti wahala ita ce riga mai laushin wuya da ba ta da kwala, nauyin makirufon yana janyo ta ƙasa ya karkace. Yadi mai santsi da sheƙi kuwa kwaramniya yake yi a kunnen mai sauraro duk sanda ka numfasa. Idan akwai 'yar'uwa da take karanta wannan tana da irin tambayar: doguwar riga marar ɗamara ba ta da inda za a rataya akwatin, ki tanadi bel ko siket mai ƙugu a ciki, awarwaro masu ƙara da sarƙa mai lilo kuma ki ajiye su, makirufo yana jin su fiye da yadda kike ji.

Yanzu zancen jiki, wanda mutane suka fi mantawa. Gwaji jira ne. Za ka iya shafe sa'o'i a zaune a ɗaki mai sanyin na'ura, sannan a kira ka gaban fitilu na minti biyar, zuciya tana bugawa. A nan kowanne yana da abin da ya fi ɗan'uwansa. Kwat tana tare sanyi, kuma tana ɓoye gumi. Shuɗi da ruwan toka kuwa suna cikin launukan da suka fi tona asirin gumin hammata, wannan ba zan ɓoye maka ba. Maganinsa singileti mai hannu na auduga a ciki, da hankici a aljihu don goshi, domin goshi mai maiƙo ƙyalli yake yi a ƙarƙashin fitila. Amma kwat tana ɗaure kafaɗa. A wasan gwaji za a ce ka danna maɓallin ƙararrawa, ka tafa wa abokin karawa, wataƙila ka ɗaga hannu, kuma idan ka zauna bayanta yana tattarewa ya hau wuya. Taye kuma yana sa mutum ya riƙe wuyansa kamar an kira shi gaban kwamiti. Na lura mutum yakan ɗauki halin kayan da ya sa: wanda ya yi shigar neman aiki, amsoshin neman aiki yake bayarwa, a takaice, cikin taka-tsantsan, murya ƙasa-ƙasa. Su kuwa waɗannan mutanen sakewa suke nema. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma na fi ganin ka samu wannan shimfiɗar a cikin rigar da hannunka yake yawo.

Duk wannan ya danganta da irin shirin, kuma ba ka faɗi sunansa ba. Ka zauna ka kalli kashi uku ko huɗu na baya-bayan nan, ka sa ido a kan 'yan takara, ka ƙyale mai gabatarwa, shi aikinsa ne ya sa kwat. Bambancin da ke tsakanin shirye-shirye yana da girma. A shirin Let's Make a Deal na Amurka, wanda aka fara a 1963, 'yan kallo shigar ban dariya suke yi don a lura da su a zaɓe su. A shirin The Price Is Right, shi ma na Amurka, daga cikin 'yan kallo ake zaɓen masu wasa bayan 'yar hira ta ɗan lokaci, shi ya sa kake ganin riguna masu launi da rubuce-rubucen da mutane suka yi da kansu. Wanda ya je irin waɗannan da baƙar kwat, ya ɓata lokacinsa. Shirin da ake zaunar da mutum ɗaya a kujera, a rage fitilu, a yi masa tambayoyi masu nauyi, shi kuma yana ɗaukar kwat ba tare da ta yi bambaraƙwai ba. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Yawancin gasar kacici-kacici suna tsakiyar waɗannan biyun, 'yan takara cikin shiga mai tsafta irin ta zuwa ofis ranar da ba taro, kuma nan shuɗiyar rigarka take zaune daidai.

Ga abin da zan yi da ni ne. In sa shuɗiyar rigar da wandon ruwan toka, in riƙo kwat ɗin a hannu, ba taye ba farar riga. Idan ɗakin jira ya yi sanyi, in yafa ta. Idan na shiga na ga kowa da kwat, in sa ta a kan shuɗiyar, wanda ya ma fi farar riga kyau a kyamara domin tazarar haske tsakaninsu ba ta da yawa. Idan na ga mutane a sake, in bar ta a bayan kujera. Takardar gayyatar da suka aiko maka kuwa tana gaba da duk abin da na faɗa. Ka sake karanta ta da kyau, sau da yawa suna rubuta launukan da ba sa so, kuma wanda ya saɓa umarni tun daga ƙofa ya nuna musu yadda zai kasance ranar ɗauka.

Ka duba ƙirjin rigar da aljihunta, kada a samu tambarin kamfani ko na ƙungiyar ƙwallo. Gidajen talabijin ba sa yi wa kowa talla kyauta, ga kuma batun haƙƙin mallaka, sai a liƙe tambarin da salatif ko a ce ka canza. Hula mai baki tana jefa inuwa a ido. Idan da tabarau kake gani, ka sa abinka, karanta tambaya ya fi komai, ka dai goge shi, in kuma ta kiran bidiyo ne ka matsar da fitila gefe ko ka ɗaga ta sama don kada ta fito a gilashin. Takalmi wanda ka saba da shi, goge. Kada ka sayi sabon abu don wannan rana, ba ka san inda zai matse ka ba sai kana tsakiyar magana. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wani dalilin da ya sa nake so ka saba da riguna masu launi guda tun yanzu: idan Allah ya sa aka ɗauke ka, ba riga ɗaya za ka nema ba. Shirye-shirye irin Jeopardy! kashi biyar suke ɗauka a yini guda, wato na mako guda cur, wanda ya ci wasa sai ya ruga ya canza kaya ya dawo kamar gari ya waye. Don haka ake ce wa 'yan takara su zo da kayan canji. Canza riga a kan wando ɗaya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Gani ya kori ji. Yau da dare ka jingina wayarka a daidai tsayin idonka, ka kunna fitilar ɗaki, ka sa kayan farko ka ɗauki kanka minti ɗaya kana gabatar da kanka, a tsaye sannan a zaune, ka tafa, ka ɗaga hannu. Ka canza zuwa na biyu ka maimaita a wuri guda. Ka fara kallon bidiyon biyu ba sauti, ka lura inda idonka ya fara sauka, a fuska ko a ƙirji. Sannan ka kunna sautin ka ji a cikin wanne muryarka ta fi fitowa. Ka turo mini duka biyun idan kana so, mu duba tare kafin ka yi guga.