Hattara da Mai Tallar Ambulan Jirgin Panay a Facebook

Jama'a, musamman masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi da kan sarki, akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan Facebook da WhatsApp yana tallar tsofaffin ambulan da ya ce daga jirgin yaƙin Amurka mai suna USS Panay aka aiko su. Yakan ce a akwatin wani Bature ya tsince su a Lokoja, wai kuma akwai mai saye a Amurka da zai biya da dala, jari kawai ya rasa. Kana nuna sha'awa sai wata lamba ta kira ka, mai magana ya ce shi ne wakilin mai sayen, kada ka bari kayan su kufce maka. Bakinsu ɗaya. Na duba hotunan da yake turawa ɗaya bayan ɗaya, jabu ne, kuma tarihin jirgin kansa ne ke tona masa asiri.

Panay ƙaramin jirgin kogi ne mai ɗauke da igwa. A Shanghai aka ƙera shi, ya fara aiki a watan Satumba na 1928, yana sintiri a Kogin Yangtze na ƙasar Sin don tsaron Amurkawa da dukiyarsu. Ranar Lahadi 12 ga Disamba 1937, yana ɗauke da ma'aikatan ofishin jakadanci da 'yan jarida da ya kwaso daga Nanjing, jiragen saman Japan suka yi masa ruwan bama-bamai ya nutse. An yi asarar rayuka, har da wani ɗan jarida ɗan Italiya. Japan ta ce kuskure ne, ta biya diyyar sama da dala miliyan 2 a watan Afrilu na 1938.

To, ɗaya daga cikin ambulan mutumin nan hatiminta na ɗauke da watan Maris na 1938. Wa ya buga shi, alhali jirgin na ƙarƙashin ruwa?

Tun 1908 Amurka ta ba jiragen sojan ruwanta izinin buɗe gidan waya a ciki. Akawun wasiƙu yana da hatimin roba: da'ira mai sunan jirgi da kwanan wata, sai sanduna a gefe da ke kashe kan sarki don kada a sake amfani da shi. A zamanin Panay akawu kan jera sunan tashar da jirgi yake a tsakanin sandunan, kuma abin da masu tarawa ke ƙauna ke nan, don da shi ake bin sawun jirgi gari-gari. Saboda haka Shanghai ko Hankow ko Nanking (wato Nanjing) za ka sa ran gani. Amma mutumin nan har da mai Lagos yake nunawa, don ya ja ra'ayinmu. Jirgin da aka yi don kogi, wanda bai taɓa barin ƙasar Sin ba, me ya kawo shi Ikko?

Kan sarkin ma bai tsira ba. Akwai wadda ya rubuta wa Disamba 1937, ya liƙa mata na senti 3 mai hoton Jefferson daga jerin shugabannin Amurka, jerin da sai 1938 ya fito. Wata kuma ba kan sarki, an rubuta "Free" a kusurwa, wato aika wasiƙa kyauta, gatan da sojojin Amurka ba su da shi a zamanin Panay, sai a 1942 aka ba su. Adireshin wata da biro aka rubuta shi, biro kuwa bai shiga kasuwar Amurka ba sai 1945. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wasu ambulan tsofaffi ne na gaskiya, wasiƙun mutane ne da suka tsira shekara da shekaru, ya zo ya lalata su da firinta.

Idan ka ƙure shi zai iya ce maka ai wani Panay ɗin ne. Gaskiya ne an yi wani kafin wannan, wanda ya yi aiki a Filifin, har Chester Nimitz, wanda daga baya ya zama babban kwamandan sojan ruwan Amurka, ya taɓa jagorantarsa yana matashi, amma an sayar da shi tun 1920. Wannan hujja ba ta cece shi ba, tunda ambulan nasa na ɗauke da 1937 da 1938.

Ambulan Panay na gaskiya suna nan a hannun masu tarawa, akwai ma ƙungiyar Universal Ship Cancellation Society da aka kafa a 1932 a kan wannan fanni, ana iya kwatanta hatimi da samfuran da suke wallafawa. Idan an miƙo maka ambulan, ari gilashin mai gyaran agogo ka duba: tawadar hatimin roba ba ta kwanciya daidai, ta firinta kuwa ɗigo-ɗigo za ka gani. Ka kuma jera biyu ka ga ko karkacewar hatimin iri ɗaya ce sak, kamar yadda take a nasa.

Kada ku tura kafin alƙalami, kada ku biya kuɗin wata takardar fitar da kaya da zai ce ana buƙata. Wanda ya riga ya tura, ya adana rasit da hirarsu, ya garzaya bankinsa yau, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC.