Daga Toronto zuwa Florida da yara uku a bayan mota

Yaya, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Kin ce in ba ki labarin tafiyarmu dalla-dalla, ga shi sai yanzu na samu zama.

Makarantun lardinmu na Ontariyo a nan Kanada suna ba da hutun mako biyu a ƙarshen Disamba, shi ne Baban yara ya ce mu guje wa sanyin nan mu leƙa Florida. Kuɗin jirgin mutum biyar a wannan lokaci ya fi ƙarfinmu, sai muka ɗauki hanya. Kusan kilomita 2,000 ne daga Toronto zuwa Orlando, muka raba shi kwana uku.

Kafin a tayar da mota sai an gama da kujerun yara. Dokar Ontariyo ta ce yaro zai ci gaba da zama a kujerarsa ta musamman har ya cika shekara 8, ko kilo 36, ko tsayin santimita 145. Namu ukun duk suna ciki: mai bakwai, mai huɗu, da auta da bai cika biyu ba. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne rigar sanyi. Ba a ɗaure yaro da bel yana sanye da jibgegiyar riga, domin in aka yi karo rigar za ta lotse, bel ɗin ya yi sako-sako. Don haka duk tsayawa sai in sa masu riga, duk tashi in cire, in ɗaure, in lulluɓe su da bargo. Na ga kujerun a kantunan Amurka da sauƙin kuɗi, amma ban saya ba, tunda wadda ba ta da tambarin amincewar Kanada doka ba ta yarda a yi amfani da ita a nan ba.

Mun ƙetare iyaka ta gadar da ta haɗa Fort Erie da Buffalo. Maƙwabciyata ta riga ta ja min kunne kada mu shiga da lemon zaƙi, kuma kada yara su riƙe ƙwan cakulan ɗin nan na Kinder Surprise mai abin wasa a ciki, don an hana shi a Amurka. Muka shanye lemonmu tun kafin gada.

Muna haurawa komai ya canja ma'auni. Mai da muke saya da lita ya koma galan, kusan lita 3.8 ke nan, kilomita ta koma mil. Man ya fi na Kanada arha ko bayan an yi lissafin canjin dala. Sai dai famfon yana tambayar lambar gidan waya ta Amurka kafin ya karɓi kati. Baban yara ya san dabarar: a ɗauki lambobi ukun da ke cikin tamu ta Kanada a ƙara sifiri biyu. Wani famfon ya karɓa, wani sai ya shiga ciki ya biya. A babbar hanyar jihar New York kuma tun 2020 babu mai karɓar kuɗin hanya, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota a aiko maka da takarda gida.

Tsakanin Buffalo da Erie na yi salati ba adadi. Iska na kwaso danshi daga tafkin Erie ta zubar da shi dusar ƙanƙara, har fitilar motar gaba ta kan ɓace maka. Tayoyin sanyi ne suka riƙe mu. A lardin Kebek dole ne a sa su daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, mu a Ontariyo ba dole ba ne, ragin kuɗin inshora ake yi wa wanda ya sa.

Wurin tsayawa kuwa, a ganina Kanada ta fi tausayin uwa. A hanyar 401 akwai wuraren ONroute, dare da rana a buɗe, mai da abinci da banɗaki duk wuri guda. A yawancin manyan hanyoyin Amurka wurin hutawa banɗaki ne da injin lemo da biskit kawai. Mai da abinci sai ka sauka daga hanya, ka bi shuɗin allon da ke nuna abin da ke mahaɗar gaba. Ga mai yara uku, tsayawa biyu ke nan maimakon ɗaya, da cire riga da sa riga sau biyu. Amma banɗakunan a tsabtace suke, yawanci da teburin canja famfas. A gefen irin waɗannan wuraren muka riƙa yin sallolinmu na ƙasaru.

Abinci ma sai da shiri. A Toronto naman halal ko a babban kanti kana samu. A tsaunukan West Virginia ban gani ba, karin kumallon otal kuma rabinsa naman alade ne, sai muka tsaya ga ƙwai da burodi da abin da na dafo a kula. Madara a can cikin jarkar galan take, mai shekara huɗun ta yi ta tambayar ina ledar, don a Ontariyo leda uku ake ƙullawa a jaka ɗaya, lita huɗu.

Daren na biyu ne ya girgiza ni. Wajen ƙarfe ɗaya auta ya farka yana kuka yana jan kunnensa, jiki kamar garwashi. Ma'aunin zafin da muka saya a hanya ya nuna 102, gabana ya faɗi, kafin na tuna ma'aunin Amurka ne, wato 38.9 a namu. Da safe muka kai shi wani ƙaramin asibiti. Ba mu daɗe a layi ba, likitar kuma ta duba shi da natsuwa ta ce ciwon kunne ne. Amma tun a bakin kanta, yaro na kuka a kafaɗata, katin banki aka fara tambaya. Yaya, na saba a Ontariyo in miƙa koren katin lafiya a duba min yaro ba a ce ko sisi ba. Wannan katin ɗan abin da yake biya a wajen ƙasa bai taka kara ya karya ba. Allah Ya sa Baban yara ya sayi inshorar tafiya kafin mu taso, ni kuwa a lokacin gani nake ɓarnar kuɗi ce. Mun biya da hannunmu, mun adana rasit, muna dawowa muka tura masu.

Zuwa yamma zazzaɓin ya sauka. Muna shiga Jojiya na tattara rigunan sanyi na cusa a but, washegari a Orlando auta ya taka ciyawa ba takalmi, karo na farko tun Oktoba.

Takalma da kayan yara sun fi arha a can, don haka na saya wa naki. Ki turo min lambar ƙafar ƙaramin in gwada, in bai yi ba in canja kafin mai zuwa ya tashi. Ki gaida Mama da kowa da kowa.